Shawarwari kan shuka ayaba da gwaza a gefen katanga

Masu son gefen katangarsu ya yi kore shar irin na kurmin kudu sun fi yarda da dasawa a farkon damina, wajen Yuni. Ayaba da gwanda a baya, gwaza mai faffaɗan ganye a gaba. A zuba takin shanu da ya ruɓe, don ɗanye yana ƙona saiwa.

Hunturu ne babbar matsala: iskarsa na yayyaga ganyen ayaba. Maganin bushewar da yake kawowa kuwa shi ne ban ruwa da yamma da lulluɓe gindi da busasshiyar ciyawa, ko da yake wasu sun ce ciyawar na jawo gara, kuma da gaskiyarsu. Mai katangar laka kuwa, ya matsar da shukarsa kaɗan, danshi na cin gindin gini.