Wahwah na Audacity yana fasa min sautin jita, ina zan taɓa?

Sabon shiga: Salam 'yan uwa. Na ɗauki jita na sa mata Wahwah a Audacity (manhajar gyaran sauti) amma sautin sai ƙara yake kamar fito, wani wajen har ya fashe, kuma lilon baya tafiya da kiɗan kwata-kwata. Waƙar tana kan 120 BPM, wato bugu 120 a minti ɗaya. Dan Allah wanda ya gane maɓallan nan ya taimaka min, kwana biyu ina kanta.

Mai haɗa kiɗa: Wslm ƙanina. Shi wah tacewa yake yi, yana ɗaga wani ɗan yanki na sautin sannan ya riƙa kai shi sama yana dawo da shi ƙasa, shi yasa kake ji kamar baki ana buɗewa ana rufewa. Fiton nan daga Resonance ne, in ya yi yawa yankin sai ya tsuke ya yi kaifi, sauke shi zuwa 2 ko 2.5 sannan ka rage Output gain dan ƙarfin da yake ƙarawa ne ke fasa maka. LFO Frequency kuma saurin lilon ne, raba 120 da 60 (daƙiƙoƙin minti ɗaya) ka samu 2, to sa 2 zai zagaya sau ɗaya duk bugu, in kana so a hankali sa 1.

Ɗan jita: Ka duba Wah Frequency Offset ma, in ka ɗaga shi sosai kaurin jitar tafiya yake. Depth shi ne nisan lilon, ni 70 na min yawa in akwai murya a kai.

Sabon shiga: Na gode yaya, na sa 1 ya zauna daram. Saura Start Phase, me yake yi?