Altaneta a tsohuwar tarakta Massey 135, wanne ne mai ƙarko?

Mai Dankali Bokkos: Salamu alaikum jama'a. Massey 135 ɗin babanmu har yau dainamo ne ke cajin batir a jikinta, da sanyin safiyar nan sai mun tura ko mu ciro batir na mota. Ina so in cire in sa altaneta kafin ruwa ya sauka. Wanne zan nema?

Rewaya Dilimi: Wa alaikumus salam. Kafin ka sayi komai duba wane kan batir ne ya tafi jikin bodi. Tsofaffin da yawa positif ne a bodi, shi kuma altaneta negatif yake so. Ka haɗa a haka diyod ya tafi nan take.

Baban Hajara: Ni dai bari in ba ka labarina kada ka faɗa ramin da na faɗa. Shekara uku kenan na je na sayi sabo dal a kwali, yana ƙyalli, an rubuta ampiya 70 a jiki, tun da na ɗaga na ji ba nauyi gabana ya faɗi amma mai shago ya ce Alhaji ai sabon fita ne. Muka ɗaura muka shiga haro, ƙura ta turnuƙe, sati biyu boris ya fara kuka, ashe kuma yaron da ya ɗaura ya ja bel ɗin tamau kamar tsirkiya. Na kira wani ya duba min, bawan Allah inji na aiki ya zare kan batir wai gwaji yake, shi ke nan ya ƙarasa shi. Na mayar shago aka ce an riga an ɗaura ba a karɓa. Daga baya na samo Denso ɗan belgium na ƙaramar Toyota, aka yanka masa braket, har yau ban taɓa shi ba sai kabon da na canja sau ɗaya.

Rewaya Dilimi: Wannan zare kan batir ɗin ya kashe altaneta ya fi a ƙirga. Mita ake sawa, in ka ga 13.8 zuwa 14.4 yana caji, magana ta ƙare.

Ɗan Mangu: ka sayar da ita ka sayi shanun huɗa, su ba ruwansu da batir 😂

Mai Dankali Bokkos: Kai da Fiat ɗinka ta kwana uku a gonar mutane kake magana?

Ɗan Mangu: man ne ya ƙare ba inji ba

Oga Injiniya: Lucas A127 na hannu ya fi zama daidai a kan Perkins, injin Massey ɗin, kayansa kuma ba wuyar samu. Dainamon naka da ƙyar yake ba da ampiya 22, to ka canja wayar da ke zuwa batir da mai kauri, tsohuwar za ta yi zafi. Katawut ɗin ma, wato akwatin da ke daidaita caji, cire shi, altaneta da nasa a ciki.

Baban Hajara: Lucas na gaske ina za ka gan shi yanzu Oga, duk suna ne kawai a kwali

Oga Injiniya: Shi ya sa na ce na hannu.

Rewaya Dilimi: Abin da ba ku faɗa ba fuli, inda bel ke hawa. Injin tarakta ba ya juyi da sauri kamar na mota, in fulin babba ne yana sulo ba zai yi caji ba. Kuma a sa masa fitilar caji mai ƙwan fitila na da, ita ke tada shi. Mai waya ɗaya irin Delco sai ka ɗan ba injin wuta kafin ya kama.

Malam Na Vom: Ni tawa Ford ce, da na cire dainamo agogon awa ya tsaya, ashe daga bayansa kebul ɗin yake fita. Ka leƙa taka.

Ɗan Mangu: wai wa ke da rija na haya wajen Panyam? sati mai zuwa nake so

Malam Na Vom: Akwai amma kai ba ka dawo da kaya da wuri

Ɗan Mangu: haba Malam a gaban jama'a

Mai Dankali Bokkos: To yanzu Denso ko Lucas? kun ƙara rikita ni

Rewaya Dilimi: Ɗauko min hoton gefen injin da kan batir ɗin tukuna.