Rot, decay, spoil: ina bambancinsu ne?

Salam jama'a, masu Turanci a taimaka don Allah. Ina shirin jarrabawar IELTS ne, kalmomin ruɓewa sun tsaya min a wuya. Na rubuta "the milk is rotten" malaminmu na lesin ya ja jan biro ya ce madara sour take yi ko ta go off. Na ce to burodi fa, wai in ya bushe stale ne, in ya yi fumfuna mouldy, mai in ya canza wari kuma rancid. Amma tumatir da kwai da katako duk rotten ake cewa, haƙori decay, gawa decompose, abin dai ba kan gado.

Na duba ƙamus, rot ya ce decay, na je decay ya mayar da ni rot. Manhajar fassara ma duk "ruɓe" ko "lalace" take ba ni. Na gwada haddace su da misalai amma da an kawo sabon abu kamar kifi ko miyar jiya sai in tsaya cak, spoil kawai nake jefawa.

Shin akwai wata ƙa'ida da ke nuna wace kalma ke bin wane abu, ko haddar ce kawai mafita?