Kai yara wurin wasa a Abuja daga Kano: abin da iyaye suka ce

Da maganar kai yara Magicland ta taso a zaman zumuncinmu, kusan kowa lokacin tashi ya fara ambata. A yi sallar Asuba a kama hanya, domin tafiyar ta haura kilomita 400 ta Zariya da Kaduna, kuma ba wanda ya yarda dare ya riske shi da iyali tsakanin Kaduna da Abuja. Ni ma a nan na tsaya.

Maza suka ce a kai mota wajen bakanike tun saura kwana biyu, a duba birki da taya, a cika tanki tun a gida.

Mata sun fi zurfafawa: dambun nama da cincin, ruwa a kula, leda saboda mai amai, kayan canji a kusa, ba can ƙasan but ba. Wata yayarmu ta dage a sa wa kowane yaro lambar wayar babansa a aljihu, saboda cunkoson hutun Sallah.

Kar a shiga wurin wasan ranar da aka isa. A kwana, yara su huta, washegari a je da tsabar kuɗi ko da tiransifa ta ƙi tafiya.