"Mutuwa rigar kowa": ta'aziyya ce ko ƙarin tsoro?

Maman Bitrus: Salama gareku 'yan'uwa. Ina da tambaya akan karin maganar nan, mutuwa rigar kowa. Duk zaman makokin da naje sai naji wani ya faɗeta, har fastoci a wa'azin jana'iza, amma ni gaskiya bata taɓa kwantar min da hankali ba sai ma ƙara min faɗuwar gaba, abinda kunnena ke ji shine kema ki shirya taki na wurin tela. Shin ya dace mai bi ya faɗeta wa wanda akayi wa rasuwa? Kuma tsoron nan da nake ji, rashin bangaskiya ne?

Dattijon Wusasa: 'Yata, yadda na tashi naji iyayenmu na amfani da ita, ba mai kuka ake faɗawa ba. Mai girman kai ake faɗawa, ko wanda yaji maƙiyinsa ya mutu ya hau murna, sai a ce masa yi a hankali, mutuwa rigar kowa ce. Wato sarki da talaka, mai rawani da mai tsumma, ba wanda zata yiwa yawa ba wanda zata yiwa kaɗan. Gargaɗi ce. Mu ne muka ɗauketa muka kai gidan makoki saboda bakinmu ya rasa abin faɗa.

Malam Sani: Ni Musulmi ne amma ku bani dama. Baba yayi gaskiya, mu ma haka muka santa, tana tafiya da ayar da tace kowane rai zai ɗanɗani mutuwa. Sai dai ban yarda cewa bata da amfani a ta'aziyya ba, don mai rashi yakan ji kamar shi kaɗai abin ya faɗawa, idan ka tuna masa kowa na kan hanyar yakan ɗan samu sassauci. Ya danganta da bakin da ta fito da kuma lokacin.

Ishaya K.: Ni fa na gaji da maganar nan kwata-kwata. Da ita ake fakewa. Mace na naƙuda tana zubar jini an ƙi kaita asibiti da wuri, ta rasu, a ce rigar kowa. Direba ya cika mota fiye da kima yana gudun ganganci, a ce rigar kowa. 'Yan bindiga su shiga ƙauye cikin dare su kashe mutane, washegari a zo a gaya mana rigar kowa, toh wa ya sa musu rigar? ai da hannun mutum aka sa musu ita da ƙarfi kuma mai hannun yana nan yana yawo. Bana so a riƙa rufe zalunci da karin magana.

Fasto Ayuba: Ishaya ka faɗi abinda ya kamata a ji, ban musa maka ko ɗaya ba. Amma bari in koma kan tambayar Maman Bitrus ta biyu don itace ta fi damuna. Mama, tsoro ba shine rashin bangaskiya ba. Ki duba Luka sura 22, a daren da za'a kama Yesu yana addu'a cikin matsanancin baƙin ciki har zufarsa na ɗiga kamar jini, yana roƙo in zai yiwu a ɗauke masa ƙoƙon wahalar da ke gabansa. A Yohanna 11 kuma yayi hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. Idan shi bai ji kunyar wannan ba ke don me zaki ji? Abinda Ibraniyawa 2:14-15 ke magana akai daban ne, wato mutum ya zama bawan tsoron mutuwa duk tsawon ransa, ya kasa tafiya ya kasa barci ya kasa faɗin gaskiya, daga wannan bautar ne aka ce Almasihu ya 'yantar damu. Karin maganar kuma gaskiya ta faɗa, sai dai a tsakiyar hanya ta tsaya. Rigar kowa ce har shi Ubangiji ya sanya ta. Amma da manzo Bitrus ya shiga kabarin Yesu ranar Lahadi, Yohanna 20 tace likkafanin ya tarar a ajiye, ƙyallen kai ma a naɗe a gefe guda. An sa rigar kuma an tuɓeta. Shi yasa Bulus a 1 Korintiyawa 15:53 yace dole jikin nan mai mutuwa ya yafa marar mutuwa. Ni in zan faɗeta a jana'iza sai na haɗa da wannan, in ba haka ba gara in barta.

Ishaya K.: Fasto naji, amma wannan a kan bagade yana da daɗin faɗa. In wuƙa na wuyan mutum fa?

'Yar Michika: Ɗan'uwa Ishaya, mu nan mun gani. Rabaran Lawan Andimi, limamin cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) kuma shugaban CAN, wato ƙungiyar Kiristocin Najeriya, na ƙaramar hukumar Michika a jihar Adamawa, Boko Haram suka tafi dashi farkon Janairu 2020, suka kashe shi ranar 20 ga watan. A bidiyon da suka fitar kafin nan yana zaune a hannunsu yake cewa bai karaya ba domin komai na hannun Allah, in Allah ya yarda zai koma wurin matarsa da 'ya'yansa, in kuma bai samu dama ba toh nufin Allah ne, ya roƙi a kula masa da yara. Nutsuwar da ke fuskarsa har yau tana bani mamaki. Kuma ka lura ya roƙi a nemi a sake shi, wato yana son rai kamar kowa, bai raina mutuwa ba. Kashe shi zalunci ne kamar yadda kace, ba mai wanke shi, amma basu iya sa shi ya bar abinda ya gaskata ba.

Mama Saratu: Ni gwauruwa ce, bari in gaya muku abinda ba'a faɗa. Da maigidana ke jinya ba mutuwar kanta yake tsoro ba, kullum maganarsa wa zai biya kuɗin makarantar yara, danginsa zasu barni a gidan ko zasu koreni. Rashin sanin gobe shine ya hana mu barci. Ranar makoki kowa ya zo ya ce rigar kowa ya tafi, ko ɗaya bata shiga kunnena ba. Abinda ya riƙeni shine matan zumunta, suka kwana dani suna waƙa, bayan an watse basu daina zuwa ba, wata da mudun masara wata da kuɗin littafin yaro. A nan na gane aya ta 13 a 1 Tasalonikawa 4, ba'a hana mu baƙin ciki ba, an dai ce kada muyi irin na marasa bege.

Maman Bitrus: Mama Saratu kin taɓo inda yake min ciwo, nima yarana nake tunani duk sanda na hau hanyar Kaduna. Na gode Fasto. Toh Baba, in naje gaisuwa me zance?

Dattijon Wusasa: Ki ce sannu, ya haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar daku. Ki zauna. In mai gidan da bakinsa ya ce mutuwa rigar kowa ce ki amsa masa, amma kada ke ki fara.

Ishaya K.: Da wannan na yarda Baba. Amma a jana'izar wanda aka kashe, ko fasto ne ya faɗeta zan same shi bayan an tashi muyi magana.