Sunayen kawunan wayar faifan kwamfuta

Masu gyaran kwamfuta a Kaduna sun tattauna kan matsalar sayo wayar da ba ta shiga faifan ajiya. Shawararsu ita ce a daina cewa "wayar SATA" kawai, domin iri biyu ce: siririyar ta ɗaukar bayanai haƙoranta 7, faffaɗar ta wuta 15. Tsohuwar mai faɗi kamar ɗamara, mai ramuka 40, ita ce IDE, wasu su ce PATA, duk abu ɗaya ne. Farin kan wuta mai ramuka 4 kuwa Molex ake kiransa, sunan kamfani ne ya bi shi. Wani dattijo cikinsu ya ce, "Yaro, ɗauki hoton bakin faifan kafin ka tafi kasuwa." Ni ma wannan na fi gamsuwa da ita. Faifan M.2 kuwa, wani ƙaramin faifai da ake soka shi kai tsaye a allon kwamfuta, ba ya buƙatar waya.