Digiri na biyu a kimiyyar siyasa ta intanet: waɗanda suka yi, yaya ta kaya?

Ma'aikacin ƙaramar hukuma, jihar Katsina:

Assalamu alaikum. Na yi digirina na farko a kimiyyar siyasa, na gama bautar ƙasa, yanzu kuma ina aiki a sashen mulki na wata ƙaramar hukuma. Ina so in ci gaba da karatu, amma samun hutun ƙaro ilimi a wurinmu ba abu ne mai sauƙi ba, kuma ko an ba ni, iyali da ɗan albashin da ke hannu ba za su bar ni in tare a Zariya ko Kano har shekara biyu ba. Na ga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, tana da digiri na biyu a nazarin zaman lafiya da sasanta rikici, Cibiyar Karatu Daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da na harkokin ƙasa da ƙasa da diflomasiyya, ga kuma jami'o'in Ingila da ke tallata nasu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, shi ya sa nake roƙon waɗanda suka yi da kansu su faɗa mana abin da suka tarar. Burina shi ne in kai ga digiri na uku, in koma koyarwa.

Ma'aikaciyar wata ƙungiya mai zaman kanta, Kaduna:

Wa alaikumus salam, Malam. Wannan buri da ka ambata a ƙarshe shi ne zai yanke maka fom ɗin da za ka saya. A jami'o'inmu digiri na biyu iri biyu ne: akwai na ilimi, wanda ake rubuta cikakken kundin bincike a kare shi gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a, akwai kuma na ƙwarewar aiki, wanda galibinsa darussa ne da ɗan gajeren bincike a ƙarshe. Mafi yawan abin da ake bayarwa ta intanet na biyun ne, kuma sassan kimiyyar siyasa da dama ba sa ɗaukar mai shi kai tsaye zuwa digiri na uku.

Ni da sanin haka na shiga, domin abin da nake bukata shi ne ƙarin girma a ofis da kuma fahimtar aikin da nake yi na sasanta manoma da makiyaya, kuma na samu duka biyun. Amma a cikin 'yan ajinmu akwai wani bawan Allah da sai da ya karɓi sakamako, ya kai takardunsa neman digiri na uku, sannan aka shaida masa cewa sai ya sake yin na ilimi daga farko. Kafin ka biya ko kwabo, ka taka da ƙafarka zuwa sashen da kake fatan yin digirin na uku, ka tambaye su ko suna karɓar wannan takarda da kuma makin da suke bukata. In ka samu amsar a rubuce, ya fi.

Game da yadda karatun ke tafiya, ana ɗora darasin kowane mako a shafin makaranta, ana haɗuwa da malami ta Zoom da dare ko a ƙarshen mako, jarrabawa kuwa dole ka je cibiya da kanka ka zauna.

Malamin kwalejin ilimi, Gusau:

Abin da Hajiya ta faɗa haka yake, ni kuma zan ƙara da batun da masu talla ba sa taɓawa, wato sabis da wuta. Ina tsakiyar karatu a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga. Da farko Funtuwa muke zuwa mu tura aiki mu sauke darasi, sai aka haɗa da ita cikin ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina da aka rufe, tafiyar ta koma Zariya, a kan hanyar da a lokacin ba a shiga sai da addu'a. Nakan isa, in samu wuri in zauna da kwamfuta a cinya, in sauke duk abin da aka ɗora, in tura ayyukan da na rubuta a gida, in kama hanya kafin la'asar don kada duhu ya riske ni. Shafin makaranta bai san an rufe Zamfara ba. Lokacin miƙa aiki yana cika yake kulle kansa. Sai da na rubuta takardar koke kafin a sake buɗe mini wasu.

Sai dai in an faɗi ɗaci a faɗi zaƙi. A 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, abokan aikina da ke karatun zama a aji suka yi wata takwas a gida, ni kuwa karatuna bai tsaya ba, na kuma riga su gamawa.

Tun daga wancan lokaci ban ƙara dogara da cewa gobe akwai sabis ba. Ranar da aka ɗora darasi nake sauke shi, muhimman maƙaloli in kai shago a buga mini su a takarda, ina riƙe da layi biyu na kamfanoni daban-daban, na kuma sayi ƙaramar sola da ke ɗaukar kwamfuta da fitila ɗaya. Malaman kwalejoji kuma su sani cewa tallafin TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na masu karatun cikakken lokaci ne, don haka wanda ya zaɓi na nesa aljihunsa ne zai ɗauka.

Ɗan jarida, Kano:

Ni da wata jami'a ta Ingila na yi nawa, kuma zan fara da kuɗi, domin a nan ne na ji jiki. Ana biya ne darasi-darasi da fam. Lokacin da na shiga, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yuni na 2023 lissafina ya rushe, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Kuɗin makaranta bai ƙaru ba a wurinsu, amma a wurina ya ninka fiye da sau uku, dole na jingine karatun na zango guda. Duk wanda albashinsa naira ne ya yi wannan lissafi tun kafin ya cike fom.

Abin da kuɗin ya saya mini wanda ba na nadama shi ne ɗakin karatunsu na intanet da kuma gyaran malamai. Kusan duk mujallar ilimi da na nema na samu, kuma kowane rubutu yana dawowa da sharhi sakin layi bayan sakin layi. Malamar da ta duba rubutuna na farko ta ce na ba da labarin abin da ya faru da kyau, amma ba ta ga da'awar da nake karewa ba, ba ta kuma ga wanda nake jayayya da shi ba. Ga mutumin da ya saba rubuta rahoto, wannan ne darasi mafi wuya, shi ne kuma ya fi amfanata.

Inda tsarin ya gaza shi ne siyasar gida. Kundina a kan gadon jam'iyyar NEPU ne a siyasar Kano, tun daga kafa ta a 1950, zuwa PRP da ta ci gwamnonin Kano da Kaduna a 1979, da rabuwarta gida biyu, santsi da taɓo. Mai duba kundin ya san ka'idojin nazarin jam'iyyu sarai, amma ni ne nake yi masa bayanin wane ne wane. Kayan aikin kuma ba su cikin kwamfuta: suna Gidan Mambayya a Gwammaja, da Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da kuma bakin dattawan da suka ga abin da idonsu. Jami'ar ta ce kowane wanda zan yi hira da shi sai ya sa hannu a takardar amincewa. Dattijon farko da na miƙa wa takardar ya juya ta, ya mayar mini, ya ce shi tun zamanin En'e bai ga alheri a sa hannu ba, in ina son magana in zauna a yi magana. Sai da na nemi izini aka amince in riƙa naɗar amincewarsu da baki.

Malamin jami'a, Sakkwato:

Ni ta ɗaya ɓangaren zan yi magana, domin na duba kundin ɗaliban aji da na ɗaliban nesa. Ba na ƙin karatun nesa. Cif Obafemi Awolowo ma daga gida ya yi digirinsa na farko na Jami'ar Landan a 1944, lokacin da wasiƙa ce kawai hanya. Damuwata ita ce kimiyyar siyasa fanni ne na muhawara. A aji, ɗalibi zai tashi ya gabatar da maƙalar Peter Ekeh ta 1975 a kan jama'a iri biyu da mulkin mallaka ya bar wa Afirka, wani ya ce masa wannan bayani bai dace da masarautun Arewa ba, a yi ta kai-komo har ya gane inda hujjarsa ke yoyo. A Zoom kuwa yawanci kyamarori a rufe suke, in na yi tambaya sai shiru, daga baya wani ya rubuto cewa sabis ne ya ɗauke.

Illar takan fito ne ranar kare kundi. Za ka ga babi na biyu cike da sunayen masana, Turanci sumul, ka tambayi ɗalibin me ya sa ya zaɓi wannan ra'i ya bar wancan, sai ya kama duba takarda. Wasu an rubuta musu ne, wasu manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta, har da littattafan da ba a taɓa wallafawa ba. Takardun tambayoyi ɗari uku da aka ce an raba a ƙananan hukumomi uku kuma sai ka ga rubutun hannu ɗaya ne. Gaskiya ɗaliban aji ma suna yin wannan, sai dai wanda nake gani kowane mako ya fi wuyar ɓoye mini.

Abin takaicin shi ne ɗalibin nesa yana da hanyar yin bincike na gaskiya daga ɗakinsa. Bayanan Afrobarometer, cibiyar binciken jin ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, kyauta ne, kuma a Najeriya har da Hausa ake yin tambayoyin. Shafin IReV na hukumar zaɓe an tanade shi ne don ɗora hotunan takardun sakamakon rumfuna, waɗanda a 2023 suka haura 176,000. Ɗalibin da ya zauna ya kwafe sakamakon rumfunan ƙaramar hukumarsa ɗaya bayan ɗaya, ya kwatanta da jimlar da aka sanar, sannan ya fita ya tambayi wakilan jam'iyyu abin da suka gani, ya yi aikin da zan sa wa hannu da farin ciki.

Malamar sakandare, Bauchi:

Allah ya gafarta Malam, ina da ja a kan batun muhawara. Na yi digirina na farko a aji, kuma a shekarun nan duka lokutan da na ɗaga hannu ba su fi a ƙirga da yatsu ba, domin maza 'yan ƙalilan ne suke mamaye magana, mu kuma muna baya muna rubutu. A karatun intanet an wajabta wa kowa ya rubuta ra'ayinsa a kan karatun mako, ya kuma amsa wa mutum biyu, da maki a kai. A nan ne na fara jayayya da mutane, har da wani jami'in tsaro da muka shafe makonni muna kai ruwa rana a kan 'yan sandan jihohi, kowa yana kawo hujjarsa daga kundin tsarin mulki na 1999. Ina rubuta nawa ne bayan sallar isha'i, yara sun kwanta, ina da lokacin da zan koma in duba littafi kafin in amsa. Inda na yarda da Malam shi ne muhimmancin ganin mai duba kundi ido da ido: babina na farko ya daɗe ƙwarai a hannunsa ba amsa, sai da na je ofishinsa da kaina muka zauna, daga ranar ne aikin ya fara motsi.

Ma'aikacin wata ƙungiyar raya karkara, Maraɗi:

'Yan'uwa, a wajenmu Nijar hanyar da aka fi bi ita ce ta jami'o'in da ke koyarwa da Faransanci, ta hannun ƙungiyar jami'o'in, wato AUF. Ni a kan jam'iyyun siyasa a jihar Maraɗi na tsara bincikena. Sai aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka dakatar da harkokin jam'iyyu, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, takunkumi kuma ya sa aika kuɗin makaranta waje ya zama aiki. Mutanen da suka yi mini alkawarin hira suka daina ɗaukar waya, kuma ban ga laifinsu ba. Mai duba aikina yana wata ƙasa, bai fahimci dalilin da ya sa na ce batun ba zai yiwu ba sai da na yi masa dogon bayani. Na koma nazarin rawar da sarakunan gargajiya ke takawa wajen sasanta rikicin gonaki, inda rubuce-rubucen cibiyar LASDEL ta Yamai, waɗanda ake saukewa kyauta, suka taimake ni sosai. A watan Maris na 2025 aka rusa jam'iyyun gaba ɗaya.

Jami'in kula da ma'aikata, Dutse:

Tebur ɗina ne takardun suke biyowa bayan an gama, don haka ga abin da muke dubawa. In jami'ar ta gida ce, muna tabbatar da cewa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da ita da kuma shirin karatun nesa da take yi. In ta waje ce, muna neman takardar tantancewa daga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. An ƙara tsanantawa tun Janairun 2024, lokacin da gwamnati ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Abu na uku shi ne wanda ma'aikata suka fi tuntuɓe a kansa: ko da ba za ka bar kujerarka ba, ka rubuta neman izinin yin karatun tun kafin ka fara, a sa amincewar a fayil ɗinka. Akwai wanda ya kawo mini digiri na biyu mai kyau daga jami'ar da ba ta da matsala, amma babu wannan takarda a fayil ɗinsa, kuma har yau maganar tana gaban kwamiti.